Keken da Yaya Ya Zaɓa Mini

Shekara bakwai na yi ina surfani a kan keken da ba nawa ba. Shagon wani dattijo ne a cikin kasuwar Omdurman, wanda kowa yake ce wa Usta. Mu huɗu ne mata a ɗakin baya, kowace da kekenta, muna fitar da fure da ganye a bakin tob, dogon mayafin nan da muke naɗewa da shi, wani lokaci kuma zannuwan gadon amare. Kullum sai na hau mota biyu daga Umbadda kafin in isa, in dawo bayan la'asar ƙafafuna a kumbure. Da na yaye ɗana na uku, ƙarfin Inna kuma ya fara ja baya, ba ta iya bin yara a tsakar gida, sai na yanke shawarar in sayi keke nawa in zauna in yi aikin a gida. Adashin unguwa ya zagayo kaina, na haɗa da 'yan kunnena na zinariya, abin ya isa.

Na san keken da nake so sarai. Irin na shagon Usta ne, baƙi, mai nauyi, ƙarfe zalla. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani ƙarfe da ake turawa da gwiwa. In kin tura, ɗinki ya yi faɗi, in kin sassauta, ya tsuke. Yadin kuma ki ɗaure shi a zoben katako, hannuwanki biyu su riƙa zagayawa da shi a ƙarƙashin allura. Keken ba ya sanin fure, ke ce kika sani. Na hannu ma nake nema, ba sabo ba, don sabbin ba su kai tsofaffin ƙwari ba.

Mijina direban babbar mota ne, rabin wata yana hanyar Bur Sudan. Da na gaya masa bai hana ba. Abu ɗaya ya ce yana ɗaure jakarsa: "Kada ki shiga Kasuwar Libiya ke kaɗai, za su cuce ki. Ki tafi da Yayanki."

Yayana mutumin kirki ne, wannan ba na musu. Shi ya ɗauko mu daga Jazira lokacin da aikin auduga ya daina ciyar da gida, shi ya samo wa Baba filin da muka gina a Umbadda. Amma ya yi shekara shida a Jidda yana gadin wani sito na kayan wuta, tun da ya dawo kuma duk abin da ba shi da madanni, a wurinsa kayan mutanen da ne. Bai taɓa ɗinke ko maɓallin rigarsa ba. Ranar da na je gidansa na faɗa masa, ban rufe baki ba ya ce, "To ai kin zo wurin da ya dace. Harkar inji ba sai an koya mini ba."

Muka kama hanyar Kasuwar Libiya, babbar kasuwar nan ta gefen Omdurman, ranar wata Asabar da hantsi. A tsakiyar hanya sojoji suka tare motar suna duba takardun samari, kamar yadda aka saba a shekarun nan, muka yi kusan awa guda a rana. Duk tsawon awar Yaya yana ba ni labarin wani injin wanki da ya gani a Jidda, mai shanya kaya da kansa. Ni dai ina ta fifita da gefen tob ɗina.

A layin tsofaffin kekuna na same shi, shago na huɗu. Baƙi ne, fentinsa ya ɗan goge a inda hannu ke yawan taɓawa, alamar wanda ya yi aiki. Na roƙi mai shagon ya jona wuta, na zauna, na sa gwiwa. Ganye guda na fitar a kan ƙyallen da ya miƙo mini, tsakiya da faɗi, baki a tsuke, zare bai tsinke ba ko sau ɗaya. Na juyo zan ce wa Yaya shi ne wannan, sai na tarar yana buga teburin da yatsa yana girgiza kai.

"Wannan ai ya girme ki," in ji shi.

"Shi nake so, Yaya. Irinsa nake aiki da shi."

"Shi ya sa kika yi shekara bakwai a bayan shagon wani. Taso mu je ki ga abu."

Ashe tun kafin ranar ya riga ya zo kasuwar shi kaɗai ya yi nasa binciken. Ya ja ni ta lunguna har wani shago mai ƙofar gilashi da fanka biyu. A kan kanta ga wani keke fari fat, na roba, da ɗan allo mai haske a goshinsa. Mai shagon ya tashi ya rungume Yaya kamar sun shekara da sanin juna. Ya ɗauko wani ɗan kati ya zura a gefen keken, ya danna nan, ya danna can, ya ja da baya ya harɗe hannu. Keken ya kama aiki shi kaɗai. Babu hannu, babu gwiwa. Muna tsaye fure ja ya fito a kan farin yadi, da ganyensa biyu, tsaf kamar an buga shi da hatimi. Mutane suka taru a bakin ƙofa suna kallo.

Na ce, "Zoben nasa iyakar girmansa ke nan?" Bai wuce tafin hannuna ba.

Mai shagon ya dubi Yaya ya ce, "Akwai kowane irin zane a ciki."

Na ce, "Yana bin bakin tob daga farko har ƙarshe?"

Ya sake duban Yaya. "Komai yana yi, ustaz. Hajiya za ta zauna tana shan shayi ne kawai."

Sau biyar na yi tambaya, sau biyar aka ba Yaya amsa. Shi kuma yana gyaɗa kai yana juyowa yana maimaita mini da Hausa, sai ka ce ba a ƙasar aka haife ni ba. Na ce ni dai mu je gida in yi tunani.

Tunanin bai yiwu ba. Kwana huɗu Yaya yana zuwa gidanmu safe da yamma. Ya gaya wa Inna cewa akwai keken da zai hutar da idon 'yarta amma ta ƙi. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, in dai yana hutar da ido ai ki karɓa, ga ni nan ban ƙi a ce na hutar da nawa tun da wuri ba." Ya gaya wa maƙwabta. Mijina ya bugo waya shagon bakin layi, yaro ya zo kirana, kafin in yafa tob in isa na tarar Yaya ya riga ni, yana riƙe da kan wayar yana cewa, "Wallahi da kansa yake yi." Da aka miƙo mini, mijina ya ce, "Ki bi shawarar Yayanki mana, ya fi mu ganin duniya."

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni ma furen nan ja ya tsaya mini a rai. Gwiwata ta dama ta daɗe tana ciwo. Kuma na hango kaina a zaune, matan unguwa suna shigowa suna cewa a duk Umbadda babu mai irinsa sai ita. Wannan tunanin ya fi maganar Yaya cin ƙarfina. Ranar Laraba na ce to.

Da aka kawo shi, gidanmu ya cika kamar ranar suna. Na shimfiɗa masa sabon zane a kan tebur. Yaya ya tsaya a kansa yana danne-danne yana bayani. Bayan kowa ya watse na zauna na duba zanukan da ke cikin katin ɗaya bayan ɗaya. Agwagwa. Wata dabba mai kunnuwa zagaye da ƙyalle a wuya. Jirgin ruwa. Wata bishiya mai tsini da tauraro a kanta, wadda ban taɓa ganin irinta a ƙasar nan ba. Haruffan boko. Agwagwa kuma, da 'ya'yanta. Fure uku ne kacal a ciki, ɗaya shi ne jan da aka nuna mana a shago. Na daɗe ina kallon agwagwar nan ina tunanin wace mata ce a Omdurman za ta naɗe jikinta da ita ta tafi biki.

Littafin da keken ya zo da shi ba mu iya karantawa ba. Akwai wani ɗalibi daga Najeriya da ke karatu a jami'a a Khartoum, yakan zo gidan Yaya cin abincin Juma'a. Aka kai masa. Ya karanta a natse ya ce, "Hajiya, sun ce sai an sa wata takarda ta musamman a ƙarƙashin yadin. Zaren ma nasa daban ne. Kuma sun ce kada a jona shi inda wuta ke hawa da sauka." Na dubi Yaya. Yaya ya ce ai Turawa haka suke, kowane abu sai sun rubuta masa sharaɗi don kare kansu.

Aikina na farko na wata malamar makaranta ce a layin bayanmu. Farin tob ta kawo, shara-shara, irin wanda ma'aikata ke sawa, tana son ƙananan furanni a jere a bakinsa. A shagon Usta aikin yini ɗaya ne. A nan kuwa kowane fure sai na kwance zobe, na auna, na matsar da yadi, na sake ɗaurewa, na danna, na jira. In na kuskure da faɗin yatsa guda, furen ya fito a karkace, keken kuma babu ruwansa, ci gaba yake. Na yi tara a yini na farko. A fure na goma, ana tsakiyar ganye, aka ɗauke wuta.

Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A shagon Usta in an ɗauke, sai mu ɗaga ƙafa mu sha shayi, in an kawo mu ɗora daga inda muka tsaya. Wannan kuwa da wuta ta dawo sai ya farka bai san inda yake ba. Ya koma farkon furen ya hau kan ɗinkin da ya riga ya yi. Zare ya cunkushe a ƙasa, na ji wata ƙara, kafin in kai hannu ya haɗiye yadin. Da na ciro shi da ƙyar, ga rami a bakin tob ɗin malama, yatsana yana wucewa ta ciki.

Na rufe ramin da fure na hannu, allura da zare, yadda Inna ta koya mini tun ina yarinya. Saura kuma? Washegari na naɗe tob ɗin a leda, na hau motocin nan biyu da na yi rantsuwa na rabu da su, na shiga shagon Usta. Ya san na sayi keke, labari ya riga ya kai masa. Ya karɓi tob ɗin ya ɗaga shi a haske, ya bi furannin da ido, ya tsaya a kan na hannun ya shafa shi da babban yatsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya leƙa ɗakin baya ya ce wa wadda ta gaji kujerata, "'Yata, tashi ki huta kaɗan." Na zauna a tsohon kekena na gama aikin kafin azahar, kaina a sunkuye. Da a ce ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Na kai wa Yaya ƙara, sai ya ce matsalar ba ta keke ba ce, ta wuta ce. Ya sa na sayi akwatin daidaita wuta. Akwatin yana gurnani duk yini, amma in an ɗauke wuta shi ma shiru yake yi. Ya ce to sai janareta, akwai wani abokinsa da zai sayar. Na ce ba ni da halinsa. Na ce masa zanukan ma ba su dace da aikinmu ba. Ya ce wannan mai sauƙi ne, zai yi saƙo Jidda. Wata biyu muna jira, wani mai dawowa daga Umra ya kawo kati biyu a naɗe cikin auduga kamar ƙwai. Na zura na farko. Dabbar nan ce mai kunnuwa zagaye, wannan karon a kan keken hawa, da kuma tana riƙe da laima, da kuma tana barci. Na biyun keken ya ƙi karɓarsa gaba ɗaya, ashe na wani samfurin ne.

A tsakanin nan na yi 'yan rigunan jarirai da agwagwa, mata biyu ko uku suka saya don kunya. Masu tob kuwa suka daina zuwa. Wadda ta zo ta ga abin da keken ke iyawa sai ta ce za ta dawo.

Wata safiya kuma ya ƙi tashi sam. Allon ya nuna wani rubutu, ya yi ƙara sau uku, shi ke nan. Muka mayar da shi shagon gilashi. Mai shagon, wanda ya rungume Yaya a da, ya gaishe mu daga zaune, ya ce su sayarwa suke yi, gyara sai a Khartoum. Ya kwatanta mana wani mai gyaran rediyo da talabijin a wani bene kusa da tashar motoci. Na ɗauki keken a cinya muka haye gada. Mai gyaran ya buɗe shi, ya leƙa da ɗan madubi, ya ce wani abu ne ya ƙone a ciki, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, amma babu shi a ƙasar nan, sai an yi saƙo Dubai. A lokacin shigo da irin waɗannan kaya ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce in dawo bayan mako biyu. Na dawo, ya ce gobe. Na dawo, shago a rufe, ya tafi gaisuwar rasuwa. Na sake dawowa, ya ce wanda zai kawo bai samu biza ba.

A gida teburin na nan da sabon zanensa, babu komai a kai. Kwalin da keken ya zo a ciki kuwa Inna ta riga ta zuba busasshiyar kuɓewa a ciki, ta ce ko ba komai kwalin mai kyau ne.

Ranar da abin ya fashe, Juma'a ce, a gidan Yaya, an gama cin abinci ana shan shayi. Ya gyara zama ya ce, "Na yi tunani a kan harkar nan taki. Kuskuren da muka yi, ƙarami muka saya. Akwai babba mai kai huɗu, yana ɗinka huɗu a lokaci guda. In kika sayar da..."

Ban san lokacin da na dire kofin ba. Na ce, "Yaya, don girman Allah, ka taɓa zura zare a allura?"

Matarsa ta tashi ta shiga madafa.

Yaya ya ce, "Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya nake. Wata biyar ke nan ban yi aikin kirki ba. Na nuna maka keken da na sani, ka ce ya girme ni. Na yi tambaya a shago, aka ba ka amsa ka karɓa. Yanzu kuma mai kai huɗu? Agwagwa huɗu zan riƙa fitarwa a lokaci guda?"

Ya ce, "Ni taimakonki nake yi."

Na ce, "Na sani. Na gode. Ka bar shi haka."

Inna ta ce, "Ke, Yayanki ne fa." Na ce na san Yayana ne, shi ya sa na yi shiru wata biyar. Na kwashi yarana muka tafi gida a ƙafa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni.

Ranar Lahadi na je wurin Usta na gaya masa komai, har da abin da bai tambaya ba. Ya saurara yana warware wani zare da ya harɗe. Sannan ya ce, "'Yata, in za ki duba keke, ki tafi da yadinki da zarenki, kada ki karɓi ƙyallen mai shago, mai kauri suke bayarwa don ya rufe aibi. Ki ɗinka a kan mafi shara-shara. Ki juya ki duba bayansa, gaba kowa yana iya yi masa kyau. Ki saurari ƙararsa idonki a rufe. Kuma ki tambayi inda ake samun ƙoshiyarsa in ta lalace. In suka ce Dubai, ki tashi."

Na koma Kasuwar Libiya ni kaɗai, da guntun tob a jaka. Baƙin nan na shago na huɗu an daɗe da sayar da shi. Na bi layin ina gwadawa. Kusan kowane shago sai an tambaye ni ina maigidan, ko za a jira shi. Na ce yana hanya, ya yi nisa. Wani keken gabansa lafiya, bayansa kamar saƙar gizo. Wani yana ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙarfe. Guda ɗaya ya yi mini, amma ba ni da abin sayensa, don duk abin da na tara yana kwance a bene a Khartoum da cikinsa a buɗe.

Mai gyaran ne ya raba gardamar, ba don ya yi niyya ba. A zuwana na shida, ina zaune a kan benci ina jira ya gama da wani rediyo, sai ya ce akwai wani tela da ya ga keken nawa yana ta tambayarsa. Kayan 'yan makarantar raino yake ɗinkawa, yana son abin da zai riƙa buga musu ɗan hoto a ƙirji. Na ce wane irin hoto? Ya ce irin su agwagwa. Na yi dariya har hawaye, mai gyaran yana kallona yana zaton wani abu ya same ni.

Telan yana da tsohon keken surfani na mahaifinsa a ajiye, ba ya amfani da shi. Na je na gani. Kore ne, mummuna, fenti ya ɓare a wurare da yawa, kai ne kawai da ƙarfen gwiwa, babu tebur. Aka aza shi a kan wani teburin aro, na ciro guntun tob ɗina da zarena. Na rufe ido na saurara. Na juya bayan ɗinkin, sumul. Na tambayi ƙoshiyarsa, ya ce a kowane layi na Omdurman akwai. Muka yi musaya, shi ya ɗauki farin da jiran Dubai ɗinsa da katuna uku, ni na ɗauki koren. Kowa ya ce an cuce ni, sabo da tsoho. Wataƙila an cuce ni ɗin. A cinya na ɗauko shi har gida, nauyinsa ya kashe mini ƙafa, ban damu ba.

Saura tebur. Kafintan unguwarmu na kwatanta masa tsayin da hannuna, na ce ya zo daidai nan, ƙarfen kuma ya taɓa gwiwata. Ya ce ya gane. Ya kawo shi bayan kwana goma, ya fi yadda na ce tsayi da taƙi guda, wai ya ga haka teburan ofis suke, sun fi kyan gani. Na ce ya rage. Ya rage ƙafa uku daidai, ta huɗu ta gaza. Har na bar gidan nan, da ɗan guntun fale-falen katako a ƙarƙashin ƙafar. Na kuma sa wani makanike ya haɗa mini injin wuta da matakin ƙafa gaba ɗaya. In akwai wuta in yi sauri, in babu in sauya igiya in taka. Takawa da ƙafar hagu ana tura ƙarfe da gwiwar dama ba wasa ba ne, sai da na yi mako uku ina ɓata ƙyalle kafin jikina ya saba.

Masu tob suka dawo a hankali, ɗaya ta jawo ɗaya. Kafin ƙaramar Salla igiyar da na ɗaura a ɗakin ta cika da aikin mutane.

Yaya ya yi fiye da wata bai tako gidana ba. In mun haɗu a wurin suna ko rasuwa mu gaisa a tsaye, ya tambayi yara, in tambayi nasa. Abin yana damuna, amma na kasa zuwa ba da haƙuri, don ban san a kan me zan bayar ba.

Wata safiya ina tsakiyar aiki sai na ji sallamarsa. Ya shigo da leda a hannu, ya gaida Inna, ya ajiye ledar a gefen teburina, tob ne a ciki.

"Na matar gidan ne," ya ce. "Shuɗi take so, da ganye. Ba sauri."

Na ce, "To, Yaya. A kawo shayi?"

Ya ce a'a, wucewa zai yi. Amma bai wuce ba. Ya tsaya a bayana hannuwansa a baya, ina jin numfashinsa, ina takawa. Na gama ganye ɗaya, na shiga na biyu, na uku. Na san yana ta kokawa da bakinsa. A na huɗu ya kasa.

"Wancan na biyun," ya ce a hankali, "kamar ya ɗan karkata hagu."

Na ɗaga ƙafa. Na cije leɓe, na ciro zoben daga ƙarƙashin allura, na ɗaga shi wajen taga don in nuna masa cewa bai san abin da yake faɗa ba. Na duba, na sake dubawa. Ya karkata hagu.

Na jawo reza na fara farkewa. Shi kuma ya ja kujera ya zauna, ya ce wa Inna to a kawo shayin.